Keken da Ba Ya Tsayawa Gaisuwa

Ranar da na hau keken Na-Allah ban sauka da ƙafata ba, tulin ruɓaɓɓiyar albasa ne ya sauke ni. Alhamis ce, kasuwar Malanbil, garinmu na bakin kogin Kwara, ta fara cika, ni kuma na sa sabuwar shadda don ina da baƙi daga Kwatano. Abu biyu Na-Allah ya faɗa mini kafin in hau. Ya ce in ja makunnin da ke hannun dama sannu-sannu. Ya ce akwai wani ɗan maɓalli a gefensa, kada in taɓa, shi ke kulle makunnin. Kunnena ya ji duka biyun, babban yatsana ne bai ji na biyu ba. Keken ya kwashe ni daga gangaren ƙofar rumfarsa da kuka irin na injin markaɗe. Na matse birki, birkin ya yi ƙara, tayar baya ta ce ita ba a yi shawara da ita ba. Na wuce masu gari, na wuce masu doya, na yi wa wata mai sayar da robobi sallamar da ban yi niyya ba, sannan na shiga inda muke zubar da albasar da ta lalace, da ka. Da aka jawo ni takalmi ɗaya ya tafi, shaddar kuwa har yau matata ba ta yarda ta kwana cikin ɗaki ba.

Na-Allah ya iso yana jan ƙafarsa ta hagu. Bai tambaye ni ko na ji ciwo ba. Ya ɗaga keken, ya zare wata waya, kukan ya tsaya, sannan ya sa bayan hannu bisa injin kamar uwa mai duba zazzaɓi.

"Ka kusa ƙona mini shi," ya ce.

"Ni da ya kusa kashewa hwa?"

"Irinka na da yawa cikin kasuwa. Wanga biyu gare ni, babu na uku."

'Yan dako suka yi dariya, kuma ni aka yi wa. Ban saba da haka ba. Sunana Sodangi, dillalin albasa, shekara ashirin da wani abu a rumfa ɗaya, kuma in aka ji dariya ta tashi a layinmu, ni na tashe ta bisa kan wani. Ranar nan na koma gida ina wari, ina neman abin da zan rama da shi. Na kuwa samu. Amma kafin in kai nan sai na faɗi ko wane ne Na-Allah.

Taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana. Tun muna yara nake cinsa da baki, shi ko magana ba ta dame shi ba, hannunsa ne ke da surutu. Yana shekara goma ya kwance agogon bangon kakanmu ya mayar, agogon ya ci gaba da aiki, shi kuma ya rage da ƙusa biyu a aljihu da bai san inda suka fito ba. Da ya girma ya kafa rumfa bayan kasuwa, gefen masu walda, yana gyaran rediyo, fitila, fanka, injin ban ruwa, duk abin da ke da waya a cikinsa. Ba ya jefar da komai. Gwangwanayen madara sun fi talatin jere a katako, kowanne da irin ƙusar da ke ciki, kuma ko ido rufe ya miƙa hannu wanda yake so zai ɗauko. Sa'o'inmu da yawa sun tsallaka Najeriya neman kuɗi, shi ya ce wa zai bar wa gwangwanayen. Sana'ar ta riƙe shi shekaru. Daga baya kaya masu arha suka cika gari, wanda fitilarsa ta mutu sai ya jefar ya sayi wata, don gyara ya fi sabuwa tsada. Rumfar ta koma wurin zama. Abin da ke ciyar da shi da matarsa Sa'a garkar albasa ce a Garu, bakin ruwa, kilomita goma sha biyu daga gari.

Garkar ba tasa ba ce. Mu 'yan kasuwa ne tun kakanni, ba mu da ƙasa a bakin Kwara. Lokacin da fataucin goro ya karye wa uban Na-Allah, wani abokinsa Badende, ɗan asalin ƙasar nan, mai suna Bukari ya ba shi aron fili ya noma. Ba takarda, ba haya. Sharaɗi biyu ne, kowa ya san su ko ba a faɗa ba: mai aro shi zai noma da hannunsa, ba ya ba wani, kuma buhun farko na kowace shekara yana zuwa gidan mai ƙasa. Akwai na uku wanda ba a ma lissafa shi, don ba wanda ya taɓa tunanin za a karya shi, wato gaisuwa. Ba ka wuce mai ƙasarka bisa abin hawa. Ka sauka, ka rusuna, ka tambayi kwana, gajiya, iyali, ruwa, sannan ka tafi aikinka. Da uban ya rasu Na-Allah ya gaji aron. Shekara talatin yana taka keke zuwa Garu, shekara talatin yana sauka a gindin tsamiyar da Baba Bukari ke zama da dattawa.

Sai ƙafa ta samu matsala. Ya je filin duwan, wurin 'yan kwastan, gyara wa wani direba fitila, wata kamyo, babbar motar kaya, mai ja da baya ta matse shi da bango. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗu, amma gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa. Yana iya tsayuwa, yana iya jan ƙafa tsakanin fangalin albasa, yana iya tada injin ban ruwa. Feda ce ba ya iyawa. Kabu-kabu, wato babur ɗin haya, dala ɗari ne zuwa, dala ɗari dawowa, albasa kuwa wata huɗu take neman ruwa kusan kullum. In ka ba mai moto wannan, shi ka noma wa. Sayen moto ba a ma kawo zancen ba. 'Ya'yansa uku duk mata ne, suna gidajen mazajensu, ɗaya Kandi, biyu Gaya. In ya yi shekara ɗaya bai noma ba, fili ya koma inda ya fito, kuma ba wanda zai ce an zalunce shi.

Na ce masa ya haƙura, ya zo rumfata ya riƙa ɗinke bakin buhu. Ya dube ni kamar na ce ya zo ya riƙa yi mini raino.

Da damina ya fara aikin. Akwai masu kawo tarkacen Turai daga Kwatano su zube a ƙasa, wanda ya ga abin da zai yi masa ya ɗauka. Nan ya tsinci injinan huda katako guda biyar, masu batir ɗin nan da kafintoci ke riƙewa kamar bindiga, duk matattu, dala ɗari uku-uku. Ya fasa su, ya haɗa biyu masu rai daga cikin biyar. Batiran ma haka. Ya farke su, ya fitar da 'yan gwangwanayen ciki, yana gwada su ɗaya-ɗaya da ƙwan fitila, mai haske gefe, marar haske cikin kwando. Wata guda ya yi yana wannan. Na ishe shi wata rana da fiye da ɗari baje bisa tabarma, na ce, "Taubashi, in wake kake tsinta, a kira Sa'a, ta hi ka sauri." Ko ɗagowa bai yi ba.

Da farko ya sa injin ya riƙa murza bayan taya kai tsaye. Kwana uku tayar ta yi sanƙo irin nawa. Sai ya kai wa mai walda aka liƙa wa bakin kowane inji ɗan ƙaramin haƙorin sarƙa, ya ɗaure su biyun ƙarƙashin sirdi da ƙarfen gadon da Sa'a ta zo da shi gidan aure, ya ja sarƙa zuwa tayar baya. Batiran ya jera su cikin kular abinci, ya huda mata ramuka don iska, ya ɗaure a mazaunin baya. Makunnin inji ɗaya ya ciro ya ɗaura a hannun keke. Fedar hagu ya cire ta, ya sa aka walda masa sandar ƙarfe inda zai miƙe ƙafa.

Sa'a ta ce mini, "Yaya Sodangi, gadona ya tahi, kulata ta tahi. Kullum in na tashi sai na leƙa in ga ko tukunya na nan."

Tana faɗa tana dariya. Lokacin gidan akwai dariya.

Ya gwada keken bisa gudron, wato kwalta, hanyar Gene, ya yi kilomita goma sha biyu ya juyo, ya iso gida da sauran ƙarfi kaɗan. Sau uku yana haka. Ya yi lissafinsa da alli a ƙyauren rumfa, lissafin ya fita daidai. Abin da bai sa ciki ba shi ne mutane. Hanyar Gene manyan motoci ne ke binta, ba wanda ya san shi. Hanyar Garu kuwa kowace inuwa da wanda ya san ubansa.

Ranar farko da ya nufi garka sau bakwai ya tsaya. Mai facin taya na bakin gari, wani liman, wata tsohuwa da ta yi wa Sa'a zaman jego, haka dai. To injin huda katako ba a ƙera shi don ya tada ƙaton mutum daga tsaye ba. Mai ƙafa biyu zai taka feda sau uku, inji ya karɓa. Na-Allah ba shi da wannan. Kowane tashi sai injin ya yi nishi, ya yi zafi, ya shanye abin da zai yi kilomita guda da shi ko fiye. Tsayuwa ta bakwai ita ce ta gindin tsamiya. Ya sauka ya gaida Baba Bukari cikakkiyar gaisuwa. Gaba kaɗan da tsamiyar akwai tudun ƙasa da aka yi don tare ambaliya, garkar tana bayansa. Da ya hau zai tashi, inji ɗaya ya yi hayaƙi. Amalanken jaki ne ya maido shi Malanbil, shi da keken, bayan la'asar, iri bai sha ruwa ba.

Sati guda ya yi yana sake naɗa wayar injin. Cikin satin nan ya gane abin da keken ke so: a tashe shi daga gangare, kuma kada a tsaya sai an isa. A gida Sa'a ke tura shi daga tudun ƙofa, mace mai jikoki, zane ɗaure a ƙugu. A garka yana jingine shi a saman tudun ruwa, in zai dawo gangaren ya tashe shi. Tsakani ba tsayawa, balle a gindin tsamiya, inda yake bukatar duk gudun da ya tara don ya hau.

Ya san abin da hakan ke nufi, shi ya sa wata Asabar ya biya kabu-kabu ya je takanas. Bai ishe tsohon a gindin tsamiya ba, yana ɗaki kwance jiki ba daɗi, mutanen gidan duk sun shigo kasuwar Malanbil. Su biyu suka zauna. Na-Allah ya gaya masa komai da Dendanci, yaren tsohon. Yadda ya ba ni labari daga baya, tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce, "Ubanka jakinsa ba ya tafiya, kai naka ba ya tsayawa. Wuce abinka, ɗana. Ka ɗaga hannu, ni in ɗaga sanda. In albasa ta sha ruwa ka gaishe ni."

Nan kuskuren yake. Maganar da aka yi a ɗaki, a ɗaki ta zauna. Bai nemi wani ya zo ya ji ba. Bai je wurin Alasan, babban ɗan tsohon, ya maimaita ba. Bai ware rana ɗaya ya gaya wa dattawan tsamiya ba. Ni ma bai gaya mini ba. Da na tambaye shi daga baya ya ce mai ƙasa ya ji, wa kuma ya rage. Na san rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin, Na-Allah bai taɓa iya buɗe baki ya ce abin da hannunsa ya ƙera yana da rauni ba. Ya fi masa sauƙi a ce shi ne ba shi da ladabi da a ce injinsa ne ba shi da ƙarfi.

Haka aka shiga dashe. Kullum da safe keken ya fita gari yana kuka, Na-Allah zaune ƙafa ɗaya a miƙe, duk wanda ya yi masa magana sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sai na dawo." In yana dawowa ma abin da yake cewa ke nan. Dattawan tsamiya suna ganin wucewar safe da marece. Sandar tsohon kuwa ba kullum take tashi ba, don idonsa ya yi rauni, sau da yawa ma gyangyaɗi yake.

Cikin kwanakin nan ne na yi hawan da ya kai ni tulin albasa. Washegari na raɗa wa keken suna, Sai-na-dawo. Da nan na tsaya da ba komai. Amma na ga an yi dariya, sai na ƙara. Nakan hau buhu in miƙe ƙafa ɗaya, in yi kukan injin da hanci, in ɗaga hannu kamar jandarma mai sallamar mota. Nakan ce taubashina ya zama babban mutum, ko mutuwa ta zo ɗaukarsa sai dai ta bi shi garka. Nakan ce mai ƙasarsa ma yanzu da iska yake gaisawa. Wannan ta ƙarshen aka fi so, kowace kasuwa sai an ce in sake.

Rumfata kuwa ta manoman Garu ce. Nan suke sauke kaya, nan suke shan shayi. Wata rana ina cikin yi na hango Alasan tsaye da hular kwano a hannu. Mutum ne mai kamar shekara arba'in da biyar, ba ya yawan magana. Ya yi dariya shi ma, ta baki kawai. Na ce, "Alasan, gaya musu, ƙarya nike?"

Ya ce, "Kai ka san ɗan'uwanka." Ya sa hularsa ya tafi.

Sa'a ce kaɗai ta yi mini magana. Ta tare ni a ƙofar wani gidan suna, ta ce, "Wasan naku ku riƙa yin shi cikin gida. Mutanen Garu ba su san kai taubashinai ne ba. Sun ɗauka shaida kake badawa."

Na ce mata in an hana ni taɓa Na-Allah wa zan taɓa, mijin wa ya fi nata daɗin taɓawa. Ta dube ni ta wuce. Shi kansa labari ya kai masa, bai ce mini komai ba. Ya saba da bakina shekara hamsin, ya ɗauka wannan ma irin na kullum ne.

Albasar shekarar nan ta yi kyau, wannan dole in faɗa. Keken bai fasa zuwa ba sai ranakun da aka ɗauke kuran, wutar lantarki, batir bai samu caji ba, su ma ya biya moto. Na je garkar sau ɗaya na ga ganye ya fara kwanciya, kawuna sun fasa ƙasa, Na-Allah yana jan ƙafa tsakanin fangali yana waƙa ciki-ciki, abin da ban ji ya yi ba tun kafin motar nan ta matse shi. Ya cire guda ɗaya ya jefo mini ya ce in gaya masa in na taɓa ganin irinta a rumfata. Ban taɓa gani ba, amma na ce masa ta yi ƙanƙanta.

Saura sati biyu a cire, Baba Bukari ya rasu. Na-Allah ya bar keken a gida, kwana uku yana zuwa zaman makoki bisa kabu-kabu, ya zauna tun safe har la'asar. Ya ce mini an amsa gaisuwarsa, amma tabarmar da ya zauna ba ta cika ba.

Da aka cire albasa aka shanya, ya zaɓi manya ya cika buhun farko, ya ɗinke da kansa. Ya ce in raka shi, don ni ke da mai amalanke. Muka ishe Alasan a gindin tsamiya, a wurin zaman ubansa, da ƙannensa biyu da suka dawo daga Najeriya, da dattawa huɗu ko biyar. Tun daga nesa muka sauka, muka gaisa yadda ya kamata. Aka sauke buhun. Ba wanda ya tashi ya shiga da shi gida.

Alasan ya yi magana da Hausa, ina jin saboda ni.

"Malam Na-Allah, an gode. Amma ka koma da shi."

Da can yaya yake ce masa.

Na-Allah ya ce, "Na tsoho ne. Ko ba shi nan, na gidanai ne."

"Tsoho wata huɗu shina zaune nan kana wuce shi. Sahe da marece. Mu muna gona, amma mutane na gani."

"Shi yab ba ni izini. Na zo na ishe shi ɗaki, na gaya mishi in na tsaya nan injin ba shi hawa tudu. Yac ce in ɗaga hannu, shi kuma shi ɗaga sanda."

Na ga abin da faɗin wannan ya ci masa, a gaban mutane, cewa injin ba ya hawa.

"Wa ke wurin?" in ji Alasan.

"Ni da shi."

Alasan ya dubi dattawan. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi dai ya ga sandar tana tashi wani lokaci, amma bai sani ba ko ƙuda ake kora.

Nan na shiga, don ban taɓa ganin shiru na bar shi ya zauna ba. Na ce, "Alasan, in zancen kasuwa ne, wasa ne. Taubashina ne, tun muna yara haka nike yi mishi."

"Ni ba taubashinka ba ne," ya ce. "Ubana ma ba taubashinka ba ne. Gabana ka hau buhu kac ce da iska shike gaisawa, mutanen garinmu na dariya. Har Tumbutu, ƙauyen maƙwabtanmu, an tare ni an gaya mini. Da ƙarya ce, kai ɗan'uwanai da ba ka hwaɗa ba."



Ba zan ce maganata kaɗai ta karɓe filin ba. Ƙannen nan biyu sun dawo ba aikin yi, ƙasar bakin ruwa ta yi daraja, ko ba bana ba da an nemi hanya. Amma aron da ya kai shekara arba'in ba a karɓarsa haka kawai, sai da dalilin da mutane za su ji su ce an yi daidai. Dalilin nan ni na ɗinka shi, ni na miƙa musu shi tare da kofin shayi.

Alasan bai yi rashin kunya ba. Ya ce Na-Allah ya kwashe amfaninsa duka, ya ɗauki injin ban ruwansa da tiyonsa, baɗi su za su noma. Na-Allah ya ce to. Ya rusuna iya yadda ƙafar ta bari, ya yi wa mamaci addu'a, muka mayar da buhun bisa amalanke. Kilomita goma sha biyu muka yi, jaki ne kaɗai ya yi magana. Da muka iso Sa'a ta ga buhun. Ta kawo wa mijinta ruwa. Ni ba ta kawo mini ba, ban kuma nema ba.

Na koma Garu sau biyu ban gaya masa ba, sau ɗaya ni kaɗai, sau ɗaya da wani dattijon unguwarmu. An karɓi goronmu, an ba mu ruwa, an raka mu har bakin hanya. A zuwa na biyu na hau tudun na leƙa, na ga an rushe fangalin da ya shata an shata wasu.

Daga nan na daina bi ta bayan kasuwa. Wata biyu ina zagayawa ta wajen masu kifi, hanyar da ta ninka nisa, ina ce wa mutane likita ne ya ce in riƙa tafiya. A layinmu kuma har yau wasu kan ce in yi musu Sai-na-dawo, in ce maƙogwaro ke ciwo.

Wata Talata, ba kasuwa, na daure na je. Na ishe shi zaune ƙafa a miƙe, ya kwance injinan biyu yana mayar da su cikin kwanson da suka fito, wai wani kafinta na so. Keken yana jingine da bango, ba sarƙa, feda ɗaya. Kular Sa'a tana gefe an wanke ta, da ramukanta. A kusurwa buhun farko ne tsaye, bai sayar ba, bai ci ba, albasar ta fara tsiro ta saƙar buhun.

Na zauna bisa benci. Na yi masa gaisuwa doguwa, kwana, gajiya, iyali, ƙafa, ya amsa kowace bai ɗago ba.

"Ka kwance shi," na ce.

"Ina za shi kai ni?"

Na ce, "Taubashi, wallahi ban san maganar za ta yi nisa haka ba."

"Ni ma ban sani ba," ya ce, yana ɗaure ƙusa. "Wata guda ina tsintar batir don in samu abin da zai kai Garu shi dawo bai tsaya ba. Ashe shina cikin bakinka, ko caji ba shi nema."

Na yi 'yar dariya, don na ga kamar ƙofa ta buɗe. Na matsa kusa. Na ce masa kada ya sayar da injinan, abin da ya ƙera ba ƙaramin abu ba ne, garin nan cike yake da tsofaffi da masu ciwon ƙafa da ba su da kuɗin moto. Na ce ya ƙera guda biyu ko uku, ya sa musu feda, ya gyara maɓallin nan na banza, ni kuma rumfata ba ta rabuwa da mutane, tun daga Gaya har Kandi, ni zan yi masa talla.

Sai lokacin ya ɗago ya dube ni.

"Ka yi mini talla sau ɗaya, Sodangi, ta ishe ni. Tashi, bisa wayata kake zaune."